Jirgin Wasa da Jirgin Gaske: Darasin da Ke Cikin Ƙaramin Dogo

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu mutane, yawancinsu magidanta, har da dattawa masu furfura, waɗanda suka mayar da tara tsofaffin jiragen ƙasa na wasan yara abin yinsu a lokacin hutu. Sukan bi kasuwannin gwanjo da shagunan tsofaffin kaya suna neman ɗan kan jirgi na gwangwani wanda ya shekara saba'in ko tamanin ajiye a akwati. In sun samu sai su saya, su kai gida, su kwance shi, su kankare tsatsa, su sa masa mai, har ya koma yana zagaya ɗan dogonsa a kan tebur. Duk wanda ya ji wannan labari a nan wurinmu, abin da zai fara zo masa a rai shi ne, lallai wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, ya rasa abin yi.

Ni ra'ayina ya saɓa wa haka, domin kuwa wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. A ganina mutumin da ya zauna ya gyara tsohon jirgin wasa, sa'an nan ya gwama shi da jirgin gaske yana tambayar kansa ina suka dace, ina suka bambanta, yana yin aikin kimiyya ne tsantsa, irin wanda ya yi ƙaranci a makarantunmu na sakandare. Abin da nake so malamai da ɗalibai su ɗauka daga wannan maƙala shi ne hanyar aikin: aunawa, da kwancewa, da gyarawa, da kwatantawa. Sayen jirgi mai tsada kuwa ba dole ba ne, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Asalin jiragen wasa

Tun lokacin da aka buɗe layin dogo tsakanin Stockton da Darlington a Ingila cikin 1825, da kuma na Liverpool zuwa Manchester cikin 1830, maƙera suka shiga kwaikwayon jirgi suna yi wa yara na katako da na gwangwani. Amma babban canji ya zo ne a shekarar 1891, sa'ad da kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa tun 1859, ya baje wani sabon abu a kasuwar baje koli ta Leipzig: jirgi mai wani irin na agogo, tare da dogo gunduwa-gunduwa wanda ake harhaɗawa, kowace gunduwa da tazara iri ɗaya. Da wannan dabara yaro yana iya ƙara dogo bana, baɗi ya ƙara tarago, kuma duk su dace da juna.

A Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York cikin 1900, kuma jirginsa na farko mai amfani da lantarki an yi shi ne domin jawo hankalin masu wucewa ta gaban shaguna. A Ingila kuwa Frank Hornby na Liverpool, wanda ya ƙago kayan haɗe-haɗen nan na Meccano, ya fitar da jiragensa masu wani a 1920, sa'an nan kamfaninsa ya fitar da ƙananan da ake kira Hornby Dublo a 1938. Kayan waɗannan kamfanoni uku, da na irinsu Bing na Nuremberg, su ne masu tarawa suka fi nema. Har ƙungiyoyi gare su, kamar wadda aka kafa a Amurka cikin 1954, mai gidan adana jiragen wasa a garin Strasburg na jihar Pennsylvania.

Tazarar dogo: darasi na farko

Abu na farko da mai tara jiragen wasa ke koyo, tun kafin ya kama filaya, shi ne cewa ba kowane jirgi ke hawa kowane dogo ba. Ma'aunin da ake kira O tazararsa milimita 32 ce, na HO milimita 16.5, na N milimita 9, na Z kuwa, wanda Märklin ya fitar a 1972, milimita 6.5 kacal. A ma'aunin HO an ƙanƙanta kowane tsawo sau 87. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya ninka 16.5 sau 87, zai sami 1,435 da ɗan ɗoriya. Milimita 1,435 kuwa ita ce tazarar da mafi yawan layukan dogo na duniya ke amfani da ita, wadda ta samo asali daga aikin George Stephenson.

Ingilawa sun yi wata dabara wadda ta dace a tsaya a kanta. Da yake jiragensu na gaske ba su kai na Amurka da Jamus girma ba, injin lantarki na wancan zamani ya ƙi shiga cikin jikin da aka ƙanƙanta sau 87. Sai suka ƙanƙanta jikin sau 76 kawai, amma suka bar shi a kan dogo mai milimita 16.5, suka kira shi OO. In aka ninka 16.5 sau 76 za a sami kimanin 1,254, wato dogon ya gaza na gaske da kusan milimita 180. Jiki da ma'auninsa dabam, dogo da nasa dabam. Injiniya ya ga abin da lissafi ke so, ya ga abin da kayan aikinsa za su iya, sai ya raba gardama. Irin wannan sassauci yana nan cikin kowane aikin injiniya, illa dai a littafin karatu ba a cika faɗa wa ɗalibi ba.

Matsalar saɓanin tazara ta wahalar da jiragen gaske tun kafin ta wahalar da na wasa. Injiniya Brunel ya shimfiɗa layinsa na yammacin Ingila da tazarar milimita 2,140, saboda haka duk inda ya haɗu da layin Stephenson, kamar a garin Gloucester, dole a sauke kaya da fasinja a sake lodi. Majalisa ta yi doka a 1846 ta fifita tazarar Stephenson, amma ba a gama kawar da ta Brunel ba sai a 1892. Masu jiragen wasa a Amurka su ma sai da suka kafa ƙungiya a 1935 domin daidaita ma'auni, don kayan wannan kamfani su yi aiki da na wancan. Mu ma a Nijeriya muna cikin wannan hali. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 tazararsa milimita 1,067 ce, layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435, don haka jirgin ɗaya ba ya hawa dogon ɗaya. Dā ma har akwai na uku, wato ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos domin ɗauko kuza, mai tazarar milimita 762, wanda aka rufe a 1957. Ga aikin gida ga ɗalibi: in ana son a yi samfurin jirgin Legas zuwa Kano a kan dogon wasa mai milimita 16.5, sau nawa za a ƙanƙanta shi? A raba 1,067 da 16.5, amsa za ta fito kusa da 65.

Inda jirgin wasa ke yaudarar ido

Mutane sukan ɗauka amfanin samfuri shi ne ya yi kama da na gaske. Ni a ganina mafi yawan iliminsa yana wuraren da ya kasa kama da shi, domin a nan ne ake tilasta wa mutum ya tambayi dalili.

Mu fara da nauyi. In an ƙanƙanta tsawo sau 87, faɗin fili yana ƙanƙancewa sau 87 sau 87, wato 7,569, girman jiki gaba ɗaya kuwa sau 87 har sau uku, wato 658,503. Saboda haka kan jirgi mai nauyin tan 100, in da za a ƙanƙanta komai nasa daidai, zai koma kimanin giram 152, bai kai nauyin wayar hannu da yawa ba. Ƙarfin sanda ko ginshiƙi ya dogara ne ga kaurinsa, wato ga faɗin fili, alhali nauyin da yake ɗauka ya dogara ga girman jiki. Tun da nauyi ya fi ƙarfi saurin raguwa, ƙaramin abu ya fi babba ƙarfi in an gwada da nauyinsa. Dalili ke nan da ya sa gadar kwali ke ɗaukar jirgin wasa, amma gadar Jebba a kan kogin Kwara sai da ƙarfe da kankare. Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida tun a littafinsa na 1638, kuma ita ce ta sa ƙafar giwa ta yi kauri, ta barewa ta yi siriri.

Sai gudu. Jirgi mai tafiyar kilomita 100 a awa, in an raba gudunsa da 87, zai koma santimita 32 a daƙiƙa. Jirgin wasan da yaro ya sake shi yana cin mita guda a daƙiƙa kuwa, daidai yake da na gaske mai gudun kilomita 313 a awa, alhali kan jirgi mai tururi da ya fi kowane gudu a tarihi, wato Mallard, kilomita 203 ya kai a 1938. To amma akwai abin da ba ya ƙanƙancewa, shi ne ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi. Buhun da ya faɗo daga saman tarago mai tsawon mita 4 yakan ɗauki kusan daƙiƙa guda kafin ya taɓa ƙasa. A samfuri tsawon ya koma santimita 4.6, kuma faɗuwar ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Tsawo ya ragu sau 87, lokaci kuwa sau 9 da 'yan kai kawai. Wannan ne ya sa motsin ƙaramin abu ke zama kamar na zaburarre, kuma wannan ce matsalar da William Froude ya warware a ƙarni na 19, sa'ad da yake jan samfuran jiragen ruwa a cikin doguwar kwatamiya domin ya san yadda manyansu za su kasance a teku. Har gobe masu ƙera jiragen ruwa da lissafinsa suke aiki.

Kwana ita ma haka take. Kwanar da aka saba sayarwa da jiragen HO, rabin faɗin da'irarta milimita 457 ne, wanda in aka ninka sau 87 ya zama kimanin mita 40. Manyan layukan gaske kuwa kwanarsu takan kai ɗaruruwan mitoci, na masu tsananin gudu har dubbai. Ƙarfin da ke neman wurgar da jirgi waje a kan kwana ana samunsa ne in an ninka gudu da kansa, aka raba da rabin faɗin da'irar. In jirgin gaske ya shiga kwana mai mita 40 da gudun kilomita 100 a awa, wannan ƙarfi zai kusan ninka nauyinsa biyu, kuma kifewa babu makawa. Ɗan samfurinsa kuwa, da santimita 32 a daƙiƙa, abin da yake ji bai wuce kashi 1 cikin 44 na nauyinsa ba, sai ya wuce abinsa lafiya lau.

A dubi ƙafafu kuma. Tsofaffin jiragen wasa suna da leɓe mai zurfi a gefen kowace ƙafa, kuma shi ke hana su sauka daga dogo. Mutane da yawa sun ɗauka na gaske ma haka ne. Gaskiyar magana ita ce ƙafar jirgin gaske an ɗan karkata fuskarta, bisa al'ada kashi 1 cikin 20, ta fi kauri ta ciki, ta fi siranta ta waje, kuma ƙafafu biyu suna liƙe da sanda guda suna juyawa tare. In suka zame hagu, ƙafar hagu sai ta hau wurin da ya fi kauri, ta ci ƙasa fiye da 'yar'uwarta, ta mayar da su tsakiya. Leɓe ba ya taɓa dogo sai a matsattsiyar kwana ko wurin sauya layi. Malami yana iya nuna wannan da kofunan roba huɗu da gam da sanduna biyu miƙaƙƙu. A haɗa biyu baki da baki, a haɗa biyu gindi da gindi, a gangarar da su a kan sandunan. Na farko zai yi ta gyara kansa har ƙasa, na biyu kuwa ba zai yi nisa ba zai kauce. Gani ya kori ji.

Na ƙarshe a wannan sashe shi ne riƙo da birki, kuma a nan akwai maganar rai. Ƙarfe a kan ƙarfe ba shi da riƙo sosai. A busasshen dogo, kan jirgi ba ya iya ja da ƙarfin da ya wuce kimanin rubu'in nauyin da ke kan ƙafafunsa masu tuƙi, shi ya sa ake zuba yashi a gaban ƙafa in dogo ya jiƙe. Abin da ya sa duk da haka yake jan taragu masu yawa shi ne, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kowane tan guda ba ya buƙatar ja fiye da na kilo biyu ko makamancin haka. Amma da zarar dogo ya hau tudu na mita 1 cikin kowace mita 100, sai a ƙara kilo 10 a kan kowane tan, aikin ya ninka kamar sau shida. Dalili ke nan da ya sa layin dogo ke zagaye tudun da mota za ta haye kai tsaye. Masu ƙera na wasa sun kauce wa wannan da wayo: waɗansu sun sa zoben roba a ƙafa, Lionel kuwa ya sa maganaɗisu tun wajen 1950. Haka nan jirgin wasa, da an yanke masa wuta, nan take yake tsayawa. Jirgin kaya na gaske yana iya cin fiye da kilomita guda bayan an danna birki, ko da yake birkin iska da George Westinghouse ya ƙago a 1869 yana kama dukan taragu. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai yi tsere da jirgi a mahaɗar titi da dogo ba, ba kuma zai baje kaya a kan layi yana cewa direba zai tsaya ba.

Inda ya faɗi gaskiya

Ta fuskar lantarki kuwa, ɗan jirgi da babba doka ɗaya suke bi. Lionel ya zaɓi dogo mai layi uku, wuta ta shiga ta na tsakiya ta koma ta na gefe biyu. Waɗansu kamfanoni suka zaɓi layi biyu don ya fi kama da na gaske, sai dai dole su raba ƙafar hagu da ta dama da roba, in ba haka ba sandar ƙafa za ta haɗe wayoyin wuta ta gajeriyar hanya. Wannan haɗewa da mai jirgin wasa ke gudu, ita ce jirgin gaske ya mayar abin tsaro. A 1872 William Robinson ya ƙago tsarin da ake sakin 'yar wuta kaɗan a cikin layukan dogo biyu. Muddin babu jirgi, wutar na isa ga na'urar da ke riƙe sigina a kan alamar wucewa. Da jirgi ya shigo, ƙafafunsa sun haɗe layukan, wuta ta yanke wa na'urar, sigina ta koma ja. In dogo ya karye ko batir ya mutu, nan ma ja za ta koma. Wato an tsara abin ne yadda ko ya lalace, ya lalace ta wajen da ba za a yi asarar rai ba. Ɗalibi mai batir da ƙwan tocila da waya yana iya gina wannan a kan benci.

Su kansu kamfanonin jiragen gaske sun san darajar samfuri. Kamfanin dogo na Lancashire da Yorkshire ya sa an gina wani cikakken samfuri wajen 1912 domin koya wa ma'aikata aikin sigina, aka yi ta amfani da shi har 1995, kuma yana nan a gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York. A Amurka kuwa, ɗaliban jami'ar MIT sun kafa kulob na jiragen wasa a 1946, suka riƙa sarrafa dogonsu da tsofaffin na'urorin musayar tarho. Daga cikinsu ne aka sami irinsu Peter Samson da Alan Kotok, waɗanda suka shiga sahun farko na gwanayen rubuta manhajar kwamfuta. Daga ƙarƙashin teburin wasa suka fara.

Gyara: a sabunta ko a bar tsufa?

Mai gyaran tsohon jirgi yana karo da ilimin sinadarai ko yana so ko ba ya so. Gwangwanin da aka yi su da shi ƙarfe ne da aka shafe da kuza, kuma duk inda shafen ya kankare, laima da iska sai su haifar da tsatsa. Akwai kuma wata cuta da ta fi tsatsa muni, wadda ke kama sassan da aka zuba da narkakkiyar tutiya, musamman na tsakanin 1920 da 1950. In an sami ɗan gurɓin dalma a cikin tutiyar, da tafiya ta yi tafiya sai ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, ya ruɓe kamar busasshiyar ƙasa. Laima na ƙara mata sauri, kuma in ta kama ba ta da magani, sai dai a sake sashen. Rashin tsabtar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wadda ido bai gani ba ranar da aka yi zubin, ita ce ta kashe ƙafar jirgi bayan shekara hamsin. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna wa ɗalibi amfanin kula da ingancin kaya a masana'anta ba.

A nan ne masu tarawa suka rabu biyu. Waɗansu sun ce a kankare tsohon fenti, a sake sabo, jirgi ya fito fes kamar ranar da ya bar kanti. Waɗansu kuma sun ce kada a taɓa komai, a sa shi a cikin gilashi, domin fentin asali da zanen da hannun yaro ya bari su ne tarihin, kuma a kasuwa ma wanda ba a taɓa ba ya fi tsada. Irin wannan gardama tana nan a kan jiragen gaske. Kan jirgin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, an kashe fiye da fam miliyan 4 wajen gyaransa tsakanin 2006 da 2016 domin ya ci gaba da tafiya, kuma an sauya sassansa da yawa cikin shekarunsa. Mallard kuwa an bar shi tsaye a York ana kallo.

Matsayina a tsakani yake, amma ya fi karkata ga aiki. Abin da ya yi ƙaranci ƙwarai, wanda ya zama shaidar tarihi, a bar shi yadda yake, a tsare shi daga laima da rana. Amma irin waɗanda aka ƙera dubbai, a gyara cikinsu su yi tafiya, domin inji in ba ya motsi rabin labarinsa kawai yake bayarwa. Sai dai a kiyaye sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a fara da mafi sauƙin magani: share ƙura, wanke busasshen giris, goge wurin da wuta ke bi, ɗiga mai kaɗan. Sau da yawa iyakar ciwon ke nan, kuma garin neman gira ake rasa ido. Na biyu, kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba sai in babu makawa, kuma sashen da aka cire a adana shi. Na uku, a rubuta duk abin da aka yi, a kuma faɗa wa mai saye gaskiya. Sayar da jirgin da aka sake wa fenti da sunan na asali ha'inci ne, kuma ɗan kimiyyar da ya ɓoye yadda ya sami sakamakonsa laifinsu ɗaya. A ƙara da kula da lafiya: tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kada a goge shi a bushe a shaƙi ƙurarsa, tsohuwar taransifoma kuwa kada a haɗa ta da wuta sai ma'aikacin lantarki ya duba, balle wadda aka yi don wutar Amurka mai bolt 120, alhali tamu 230 ce.

Amsa ga masu suka

Wani zai ce, makarantar da ba ta da isasshen alli ina ita ina jirgin Märklin? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba na kira ga kowace hukuma ta kashe ko kwabo wajen sayen kayan gwanjo daga Turai. Duk lissafin da na kawo a sama, da ruwla da tef na awo da agogo ake yinsa. Bugu da ƙari, muna da tushen abin a gida. Yaran da ke fere karan dawa su yi mota, ko su yanka gwangwanin madara da langalanga su sa masa ƙafafu na tsohon silifa, sun riga sun san rabin aikin. Abin da ya rage shi ne malami ya ce musu: wannan karon ku auna na gaske tukuna, ku raba kowane tsawo da lamba ɗaya, sa'an nan ku yanka. Da wannan jimla guda wasa ya zama darasi.

Wani kuma zai ce ai yanzu kwamfuta na nuna komai. Tana nunawa, kuma tana da amfaninta. Amma a allon kwamfuta kusa ba ta cijewa, waya ba ta tsinkewa a ɓoye, ƙafa ba ta ƙin juyawa ba tare da an san dalili ba. Haƙurin bin sawun matsala mataki-mataki, da a gwada wannan a bar wancan har a gano inda ciwon yake, a hannu ake koyonsa.

Suka ta uku ita ce mafi ƙarfi: cewa tara kaya yakan koma son mallaka da alfahari kawai. Haka ne, akwai masu saye su kulle a kabad suna jiran farashi ya hau, kuma ba su nake karewa ba. Wanda nake karewa shi ne mai buɗe cikin abu don ya fahimce shi.

Kammalawa

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar gyara. Mun iya murnar sabon abu, amma duk wanda ya leƙa bayan ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu ya san yadda madubin ƙara girma da ma'aunan nauyi ke jibge, an yi watsi da su saboda ƙaramin lahani. Ƙasar da ke shimfiɗa sababbin layukan dogo, har da wanda aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, tana buƙatar dubban matasa masu ganin duba mai da ɗaure kusa a kan lokaci a matsayin aikin daraja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina ba kowane kulob na kimiyya shawara ya ɗauki zango guda ya yi abubuwa uku. Ya nemi izinin hukumar tasha mafi kusa, ɗalibai su je tare da malami da ma'aikacin reluwe su auna tazarar dogo da tsawon tarago, su dubi fuskar ƙafa da idonsu. Ya gina samfuri bisa ma'auni ɗaya da kayan da ke hannu. Ya kuma samo wani tsohon inji da ya mutu, ko jirgin wasa ne, ko agogo mai wani, ko keken ɗinki, a kwance shi a hankali, a zana kowane sashe a littafi, a mayar da shi yana aiki. A ƙarshen zango kowane ɗalibi ya rubuta abubuwa biyar da samfurinsa ya dace da na gaske, da biyar da ya saɓa, tare da dalilin kowanne. Malamin da ya gwada wannan, muna roƙon ya rubuto wa mujallar nan abin da ya gani, domin sauran makarantu su amfana.